Haɗarin Tartsatsin Wutar Sola: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Hakiman Sarkin Katsinan Gusau, da na 'Yandoton Tsafe, da na Sarkin Fulanin Bungudu, ina neman izini in yi magana a kan farantan sola da a ke kafawa a rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani da masallatai. Amfaninsu ba ya ɓoyuwa, amma akwai haɗarin da ya kamata talakawa su sani.

Wutar lantarki iri biyu ce. Ta gari kai da komowa ta ke yi, tana ɗaukewa sau 100 cikin sakan guda, saboda haka tartsatsinta ya kan mutu da wuri. Ta sola kuwa hanya guda ta ke miƙewa. In mahaɗin waya ya yi sako-sako, ko ɓera ya gaigaye ta, sai wutar ta tsallake giɓin ta yi ta ci kamar ta mai walda, har ta narka tagulla. Tana ƙona fuska, ta lalata ido, ta ta da gobara.

Gwanaye su kan auna haɗarin da abu huɗu: ƙarfin wutar, da yawanta, da daɗewar tartsatsin, da kusancin mutum. Faranti guda ya kan ba da wajen bolt 40, watau goma a jere sun kai 400. Muddin da rana, faranti ba ya kasuwa. Kuma wutarsa ba ta ƙaruwa ainun sa'ad da aibi ya auku, don haka fis ya kan ƙi tsinkewa. Batir kuwa ya kan kwararo wuta mai yawa nan take. Shi ya sa tun 2011 ƙa'idar lantarki ta Amurka ta wajabta na'urar yanke tartsatsi ga solar gine-gine da ta kai bolt 80.

Roƙona ke nan. Malamin kowane Hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta inda sola ta ke, da yawan faranti da batir, da wanda ya kafa, da ranar dubawa. Kada kowa ya zare mahaɗi wuta na gudana. In an ji ƙauri ko ƙara, a janye yara, a kira gwani. In gobara ta tashi, kada a watsa ruwa, a kira 'yan kwana-kwana.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.