Audugar Burkina a Teburin Geneva

Laccar da aka gabatar a Ouaga 2000, Wagadugu



Da yawa a cikinku ba za su manta da 2003 ba, shekarar da aka tashi unguwar Zangouettin aka dawo da mutanenta nan. A wannan shekarar ce, ranar 10 ga Yuni, shugaban ƙasa na lokacin, Blaise Compaoré, ya kai kukan manoman auduga gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Geneva, da yawun Burkina, Benin, Mali da Chadi.

Ku dubi manomin Houndé. Taki da maganin ƙwari bashi yake karɓa, a cire kuɗin ranar awo. Da hannu yake tsinkar audugarsa, shi da iyalinsa, su tara ta tsibi a bakin gari har motar kamfanin auduga na SOFITEX ta zo. Amma kuɗin da zai riƙe a hannu yana bin farashin kasuwar duniya, wanda takwaransa na Amurka ke dannewa. Ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa a kakar 2001 zuwa 2002 Amurka ta ba manomanta na auduga 25,000 tallafin dala biliyan 3.9, fiye da abin da Burkina kacokan ke samarwa a shekara a wancan lokacin. Wanda gwamnati ta ɗauke wa asara ba ya rage shuka don farashi ya faɗi. Sai kasuwa ta cika, namu ya kasa biyan bashin taki.

Wannan ba tsautsayi ba ne. Tun yarjejeniyar ciniki ta GATT ta 1947 manyan ƙasashe suka keɓe noma daga dokokin da suka gindaya wa sauran kayayyaki. Da aka shigar da shi a 1995, an bar musu yawancin tallafinsu, alhali mu tun 1991 Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya ke matsa mana mu janye hannun gwamnati daga kasuwa.

Kukan ya yi amo. Taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun na Satumban 2003 ya watse ba a cimma komai ba, kuma auduga na cikin dalilan. A Hong Kong, a 2005, an yi alkawarin gaggauta maganarta. A Nairobi, a 2015, an haramta tallafin fitar da amfanin gona waje. Madalla. Sai dai kuɗin da ake ba manomi a cikin gida, wanda shi ne cutar, har yau ba a daidaita a kansa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin Birazil. Ita ƙarar Amurka ta shigar a 2002, ta yi nasara, aka ba ta izinin ramuwa a 2009. Da Amurka ta ji za a taɓa kayanta da haƙƙin mallakar magungunanta, sai ta fara biyan Birazil dala miliyan 147 kowace shekara, a 2014 ta rufe shari'ar da miliyan 300. Cuta iri ɗaya aka yi mana. Birazil na da kasuwar da za ta rufe, mu ba mu da ita.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na audugarmu ɗanya take fita. Masaƙar Faso Fani ta Kudugu ta rufe, kamar yadda na Kaduna suka rufe, kuma ku masu rumfa a kasuwar Rood Woko kun fi ni sanin daga inda atamfa ke zuwa yanzu. Ina so wakilanmu su ci gaba da matsa lamba a Geneva, amma gwamnati ta sa wuta mai araha da jarin masaƙu a sahun gaba, ku kuma 'yan kasuwa ku ba yadinmu na gida, Faso dan fani, wuri a rumfunanku, ku kai shi Maraɗi da Kano.