Yaron da Ke Ji wa Kansa Ciwo



Wani nazari na 2014 da ya tattaro bincike daga ƙasashe da dama ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 na matasa sun taɓa ji wa kansu ciwo da gangan, ba da nufin kashe kai ba. Yawanci abin kan fara tsakanin shekara 12 zuwa 14.

Masana a Jami'ar Heidelberg ta Jamus sun auna jikin irin waɗannan yara. Da yawansu sun fi tsararsu jure zafi. Haka kuma idan aka sa su cikin matsi, sinadarin kotizol, wanda ke shirya jiki tunkarar damuwa, ba ya tashi kamar na sauran. Da raɗaɗin raunin ya lafa sai yaro ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, wannan sanyin ne ke jawo shi ya maimaita.

Saboda haka iyaye, duka da gori ba magani ba ne. Ku zauna da yaron, ku saurare shi, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da wuri, domin ɗabi'ar tana ƙara haɗarin yunƙurin kashe kai nan gaba.