A Rusa, A Rusa! To, Wa Zai Ɗauki Kayan?



'Yan'uwa, yau zan ɗauke ku zuwa Amurka, jihar Massachusetts, don mu ɗauko darasi guda ɗaya mu dawo. A can, tsakanin gwamnatin jiha da garuruwa akwai wata hukuma ta tsakiya, wato gwamnatin gunduma. A da ita ke riƙe da gidajen yari, da gine-ginen kotuna, da ofishin rajistar filaye. Kowane gari kuma yana da tasa majalisar.

To, daga 1997 zuwa 2000 aka rusa gwamnatocin gundumomi 8 cikin 14 na wannan jiha. Gundumar Middlesex bashi ne ya yi mata katutu, har jiha ta karɓe ragamarta a 1997. Gidajen yari da kotuna da rajistar filaye suka koma hannun jiha. Amma ku lura da kyau, 'yan'uwa: an rusa ofis, ba a rusa bukatar jama'a ba. Titi yana nan yana jiran gyara, gini yana nan yana jiran mai dubawa.

Nan ne mutanen gundumar Franklin suka yi abin da nake so ku riƙe. Garuruwa 26 ne, mutanensu gaba ɗaya wajen 71,000. Akwai gari a cikinsu, Monroe, wanda bai kai mutum 200 ba. Ina irin wannan gari zai samu kuɗin ɗaukar akanta nasa shi kaɗai? Saboda haka ba su jira katanga ta faɗo musu ba. Kafin a rusa gundumar sai da suka zauna suka tsara abin da zai maye gurbinta, kuma a 1997 majalisar haɗin gwiwar garuruwan ta fara aiki a Greenfield, kowane gari da wakilinsa.

Me take yi? Garuruwa su haɗu su nemi farashin mai da kayan gyaran titi a dunƙule, su samu rangwame irin na mai sari. Mai duba gine-gine ɗaya ya zagaya garuruwa da yawa. Haka jami'in lafiya, haka ma aka yi da akanta. Garin da ke son wani aiki ya shiga ya biya rabonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai kada wani ya ce da an haɗu shi ke nan. Maƙwabciyarsu Hampshire an rusa tata gwamnatin a 1999, ita ma ta kafa irin wannan majalisa. Manyan garuruwa suka fice, kuɗin shiga ya gaza ɗawainiya, a 2019 ta rufe ƙofa. Ta Franklin kuwa tana nan tana aiki.

Ku matasa ne, jininku na tafasa. Duk sanda kuka ga hukuma ta lalace, bakinku zai yi saurin cewa a rusa ta. Wani lokacin ma gaskiyarku ce. Amma kafin ka ɗaga gatari, ɗan'uwa, ka amsa tambaya uku: wane aiki take yi? Wa zai ɗauke shi gobe da safe? Wa zai biya? In ba ka da amsa, to talakan ƙaramin ƙauye ne zai fara kwana a ciki, ba mai ofis ba.

Allah Ya sa mu gane. Wassalamu alaikum.