Filin Wasa da Dandalin Kwaikwayo Su Ma Azuzuwa Ne

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a babban ɗakin taro na makaranta, Ƙofar Kabuga, Kano.)

 



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar ya ba ni dama in tofa albarkacin bakina, alhali ga manya ga malamai a zaune. An umurce ni in yi magana a kan muhimmancin wasanni da fasaha wajen tarbiyyar ɗalibi. Batun ya zo a kan gaɓa, domin duk mun ga takardar ajanda, mun kuma ga shawarar da za a yanke yau bayan sallar Azahar, wato a yanki gefen filin wasa mai kallon titi a gina shaguna, a riƙa gyaran azuzuwa da kuɗin hayarsu. Waɗanda suka kawo shawarar kishin makaranta ne ya sa su, kuma babu mai musun cewa rufin azuzuwanmu yana yoyo. Duk da haka ni ina roƙon kada mu amince, kuma ga dalilaina.

Abin da Magabata Suka Bar Mana

Mu fara da tarihi, domin an ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A 1909 da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta farko a Nassarawa, nan Kano, bai tsaya ga karatu da lissafi kaɗai ba, har da sashen koyon sana'a ya kafa, inda ake aikin fata da ƙira da kafinta. Haka kuma a Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, wasannin yamma dole ne ga kowane ɗalibi. A can Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan fayif, wato ƙwallon nan da ake duka da tafin hannu a jikin bango, bai kuma daina buga shi ba har yana Firimiyan Jihar Arewa.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Su wa suka amsa kira? Malaman makaranta ne a sahun gaba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Bello Kagara na Kwalejin Katsina ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ɗaya kuma ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Babu wanda ya ce rubutun labari ya rage musu daraja ko ya ɓata musu lokaci.

Malam Aminu Kano kuwa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake shirya wasan kwaikwayo, yana sukar ha'incin kasuwa da zaluncin masu iko ta hanyar raha. Da ya zama malami a Bauchi a 1942 ya ci gaba da yi da ɗalibansa. Mutumin da daga baya ya riƙa tsayawa gaban dubban talakawa yana yi musu bayani har su gane, a dandalin makaranta ya fara gwajin muryarsa.

To, ashe abin da nake karewa yau gado ne da muka tarar.

Darasin da Fili ke Koyarwa

'Yan'uwa, kowannenmu ya tuna ranar gasar gidaje. Makonni kafin ranar, kyaftin yana bi aji aji yana neman masu gudu da masu tsalle. Yaro ɗan shekara 16 shi zai zaɓi 'yan wasa, shi zai ajiye amininsa a benci idan wani ya fi shi, shi zai rarrashi wanda ya yi fushi, shi kuma zai ɗauki laifi idan aka sha kashi. A wane darasi na cikin aji ake koya wa yaro wannan?

A fili ne yaro yake koyon bin doka ko da ransa bai so ba. Alƙalin wasa ya busa usur, ka tabbata ya yi kuskure, amma ka haɗiye ka ci gaba. A fili yake koyon a ci shi ya miƙa wa abokin karawa hannu, gobe kuma ya dawo atisaye. A fili ɗan attajiri da ɗan mai gadi suke sa riga iri ɗaya, kuma wanda ya fi iya taka leda shi ake ba ƙwallo. Mu dubi yadda rigimar zaɓe take tashi a ƙasar nan, tun daga ƙungiyar unguwa har zuwa sama, saboda wanda ya faɗi ba ya yarda ya faɗi. Wanda bai koyi shan kaye yana yaro ba, da wuya ya koya da gemu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana. A rahoton da ta fitar a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 146, ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun haka. A da yaron birni yana da langa da kokawa da wasan dandali, yana kuma tafiya makaranta a ƙasa. Yau filayen unguwa sun zama gidaje da shaguna, yaro ya taso daga aji ya wuce lesin, ya dawo ya rungumi waya. Ga yara da yawa na cikin birni, filin makarantar nan shi ne kaɗai wurin da ya rage da za su yi gudu ba tare da tsoron mota ko a-daidaita-sahu ba. Ƙarfin ƙuruciya kuwa kamar ruwan sama yake, idan ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa. Mun san inda yake bi: majalisar banza, shaye-shaye da daba.

Darasin da Dandali ke Koyarwa

A wurin aikina nakan zauna cikin kwamitin ganawa da masu neman aiki. Sai ka ga saurayi da takardu masu kyau, amma a ce ya yi bayanin kansa cikin minti biyu, sai gumi ya karyo masa. Wani kuma a ba shi rubuta rahoton taro na shafi ɗaya, a rasa gane kansa da gindinsa. Idan ka ga wanda ya tsaya ya dubi mutane ya yi magana a tsanake, ka tambaye shi, sau da yawa za ka ji ya yi ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo ko ta 'yan jarida a makarantarsu.

Dalili a bayyane yake. Wanda ya fito a matsayin alƙali ko mai unguwa ko almajiri a wasa, dole ya haddace, ya ɗaga murya, ya jira lokacinsa, ya kuma shiga rigar wani ya ji abin da yake ji. Mai muhawara dole ya saurari hujjar abokin hamayya kafin ya rushe ta. Mai zane dole ya zauna ya ƙura wa abu ido har ya ga abin da sauran mutane suka wuce ba su gani ba, kuma wannan idon shi injiniya da likita da mai zanen gine-gine suke bukata.

Akwai kuma yaron da lissafi ya gagare shi, kullum yana ƙarshen aji, kullum ana yi masa dariya. Ranar da ya sa duk makaranta dariya a dandali, ko ya ciyo wa gidansu kofi, ranar yake sanin shi ma mutum ne. Na san abokan karatunmu da wannan kaɗai ya riƙe su har suka gama, wasunsu kuma suna cikin ɗakin nan.

Kada mu manta kuma waɗannan abubuwa hanyar abinci ce. Sana'ar finafinan Hausa, wadda dubban mutane ke ci daga gare ta, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano ta tsiro, kamar Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma daga cikinta Ahmed Musa ya wuce Turai, har ya ci wa Nijeriya ƙwallo bibbiyu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018. A 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wa zai ɗinka kayan dokin, wa zai yi kiɗan, wa zai rubuta tarihin, idan makarantunmu suna nuna wa yara cewa aikin hannu da fasaha na marasa ƙoƙari ne?

Amsa ga Masu Suka

Wasu iyaye suna cewa wasa yana cinye lokacin karatu. Gaskiya ne idan babu tsari. Amma awa ɗaya bayan La'asar, sau uku a mako, ba ta taɓa kayar da ɗalibi jarrabawa ba. Mu tambayi malamanmu da ke zaune a nan, waɗanda suka shekara talatin suna riƙe da alli: yaron da ya yi gudu ya yi wanka ya zauna nazarin dare, da wanda ya wuni a zaune yana hamma, wanne ya fi ɗaukar karatu?

Wasu kuma suna jin tsoro ta fuskar addini, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Malamai sun fi ni sani, amma duk mun karanta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya bar mutanen Habasha sun yi wasan masu a masallacinsa ranar idi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka isar da ilmi ga wanda bai iya karatu ba. Abin da ake bukata shi ne kiyaye sutura da lokacin salla da ladabi, kuma makaranta ta fi kowane wuri iya tsare waɗannan. Wannan ya haɗa da ƙannenmu mata, waɗanda su ma suna da haƙƙin a keɓe musu lokaci da wuri.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ya kawo maganar shaguna. A nan ina so mu leƙa waje kaɗan. Ganuwar da Ƙofar Kabuga take jikinta, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ganuwar Kano, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ta wannan ƙofa sojojin Turawa suka shiga birni a watan Fabrairu na 1903, kuma ko su ɗin sun bar ganuwar a tsaye. Abin da ya cinye ta shi ne ɗiba kaɗan kaɗan: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi bulo, wancan ya yanki gefe ya kafa shago, kowa da hujjarsa mai kyau. Yau sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga alamarta ba. Haka filin makaranta yake tafiya. Bana shago goma, baɗi a ce a ƙara biyar, wata shekara a ce ai abin da ya rage bai isa ƙwallo ba, gara a ƙarasa. Rufin da ya yi yoyo ana sake shi ko bayan shekara biyar, amma filin da aka zuba wa kankare ya tafi ke nan.

Shawarwari

Don kada a ce na rushe ban gina ba, ga abin da nake ba da shawara.

Na farko, a bar filin yadda yake, ƙungiya ta nemi hukuma ta auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a ajiye takardar a ofishin shugaban makaranta da kuma wurin sakatarenmu.

Na biyu, gyaran azuzuwa a raba shi bisa shekarun gamawa, kowane rukuni ya ɗauki aji ɗaya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Na uku, a ware wani kaso na kuɗin ƙungiya kowace shekara don ƙwallaye da raga da rigunan wasa da kayan zane, da ɗan ihsani ga malaman da ke tsayawa bayan an tashi. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya tanadi zane da kiɗa da motsa jiki da koyon sana'a, amma a makarantu da yawa injinan da aka kawo sun yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda rashin mai kula. Saboda haka mu fara da mutum kafin kaya.

Na huɗu, tsohuwar harabar Jami'ar Bayero maƙwabciyarmu ce, kuma jami'ar tana da masana wasan kwaikwayo da motsa jiki da harshen Hausa. Mu aika musu da takarda, mu roƙi su riƙa turo mana ɗalibansu suna horar da ƙannenmu.

Na biyar, a dawo da gasar gidaje da daren wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara, mu kuma mu zo da kanmu mu zauna mu tafa musu. Ni na ɗauki nauyin kofin muhawara na bana, in Allah ya yarda.

Kammalawa

Mai girma shugaba, iyayenmu malamai, takardar shaidar da muka fita da ita daga nan ta buɗe mana ƙofar jami'a da ta ofis. Amma haƙuri da iya zama da jama'a da iya magana a gabansu, waɗanda su ne suka riƙe mu bayan mun shiga, rabinsu a wancan fili da wannan dandali muka samo su. Waɗanda suka riga mu sun bar mana su cikakku, ya kamata mu ma mu miƙa su cikakku. Ina roƙon idan an zo ɗaga hannu bayan Azahar, kowa ya tuna da ƙannenmu da ke zaune a baya, waɗanda ba su da ƙuri'a a wannan zama.