Naman Kaza Na Dajin Turai: Kamanninsa Da Mazauninsa



Bahaushe bai faye rarrabe wannan tsiro ba. In ya gan shi ya ɓullo da damina sai ya kira shi naman kaza, ko kuwa laimar kwaɗi, ya wuce abinsa. A Turai kuwa akwai wani irinsa guda wanda kusan kowace al'umma ta raɗa masa suna nata na kanta, abin da ke nuna darajarsa a wurinsu. Faransawa suna ce masa sef, Italiyawa su ce forcino, watau ɗan alade, Jamusawa kuwa naman kazan dutse, saboda taurin jikinsa. Masana tsirrai sun san shi da Boletus edulis, sunan da wani Bafaranshe, Pierre Bulliard, ya ba shi a shekarar 1782.

Mai neman sa ba daga ƙasa yake fara duba ba, daga itatuwa yake farawa. Dalili kuwa, abin da ido ke gani ɗa ne kawai. Uwar tana cikin ƙasa, zaruruwa ce sirara da ke nannaɗe da saiwoyin itace. Tana taimakon itacen da ruwa da gishirin ƙasa, shi kuma yana ba ta abincin da ganyensa ya haɗa. Saboda haka ba ya tsira a fili fetal, sai a gindin itatuwan ƙasashen sanyi, kamar fayin mai ganye irin na allura, da ok, da bic. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ya hana a noma shi a gona don kasuwa har yau. Lokacinsa daga ƙarshen zafin Turai ne zuwa kaka, musamman Agusta zuwa Oktoba, 'yan kwanaki bayan an sha ruwa.

In an same shi sai a kifar da hular, domin a nan babbar shaida take. Galibin naman kaza ƙarƙashin hularsu tsage-tsage ne kamar shafukan littafi. Na wannan kuwa kamar soso ne, ƙananan huji jere da juna, farare yana ɗanye, su koma rawaya, su rine zuwa kore-kore in ya manyanta. Saman hular ruwan ƙasa ne kamar ɓawon burodi, bakinta ya fi haske, faɗinta yakan kai santimita 7 zuwa 30. Karansa kauri gare shi, gindin ya fi wuyan, kuma a wajen wuyan akwai wani farin zane mai kama da raga. Ba shi da zobe a kara, ba shi da jaka a gindi. In an yanka shi da wuƙa, tsokar fara ce, kuma fara za ta zauna.

Lalle ne alamun nan su taru duka, gama yana da 'yan uwa masu ruɗi. Akwai Tylopilus felleus, wanda sosonsa ke komawa ja-ja mai haske, ragar karansa kuma mai duhu ce. Ba ya kisa, amma ɗaya tak ya isa ya ɓata tukunya da ɗaci. Akwai kuma wanda ake jingina wa Shaiɗan, mai hula fari-fari da jan soso, wanda tsokarsa ke yin shuɗi in an yanka. Shi guba ne, yana jawo amai da zawo mai tsanani.

Amma duk waɗannan ƙanana ne in an gwada da Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kisa a duniya, kuma yakan tsira a gindin ok ɗin nan. Ba dangin sef ba ne: yana da tsage-tsage farare, da zobe, da jaka. Muguntarsa ita ce wanda ya ci ba ya jin kome sai bayan awa 6 ko fiye, sa'ad da dafin ya riga ya kama hanyar hanta. Dafawa ba ta karya shi. Zancen da ake yi cewa cokalin azurfa yana baƙi in an sa shi cikin mai guba, ko cewa wanda tsutsa ta ci ba ya cutar da mutum, duk tatsuniya ce.

A shekarar 2015 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu daga Siriya, suka ci shi a Jamus bisa zaton irin na gida ne, har aka rasa rai. Abin lura ke nan ga ɗalibi ko ma'aikacin da aka tura kwas Turai. Haka kuma in an juyo da zancen gida: dazuzzukan doka na ƙasar nan su ma suna da nasu naman kaza masu zama da saiwar itace, ga kuma na jikin suri da ake ci a wurare da yawa. Alamun sef na Turai ba su isa shaida a kansu ba. Sai an tambayi mutanen karkarar da suka gaji cin su.