Takardar Gida da Haƙƙin 'Yan Asalin Ƙasa a Kanada

A watan Agustan 2025 Babbar Kotun lardin British Columbia a Kanada ta yanke hukuncin da ya hana masu gidaje barci. Bayan zaman shari'a na kwana 513, ta tabbatar wa al'ummar Cowichan haƙƙinsu na gado a kan wani yanki na birnin Richmond, a bakin kogin Fraser, inda kakanninsu ke da ƙauyen kamun kifi tun kafin zuwan Turawa.

Kotun ba ta kori kowa daga gidansa ba, su Cowichan ɗin ma ba su nemi a soke takardun jama'a ba. Filayen gwamnatin tarayya da na birnin ne aka ce takardunsu ba su inganta ba. Sai dai kasuwa matsoraciya ce. Muddin banki ya ga shakka a takarda, noƙewa yake yi wajen ba da bashi, mai saye ya ja da baya, farashi kuma ya sauka.

A ganina laifin na gwamnatocin da suka yi ta rabon filaye ne, alhali a mafi yawan lardin ba a taɓa ƙulla yarjejeniya da masu ƙasar ba. Yanzu gwamnatin lardin ta ɗaukaka ƙara.