Warin Fumfuna a Kundin Kan Sarki: Mafarinsa da Maganinsa



An nemi mu yi magana yau a kan wata matsala da ke damun duk mai tara kan sarki a ƙasarmu, watau warin nan na ruɓa da ke tashi idan an buɗe kundin da ya kwana biyu a cikin adaka. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To, ƙarama ce ga wanda ba ya da abin da zai rasa. Wanda kuwa ya gaji tarin mahaifinsa, ko ya yi shekara biyar yana roƙon tsofaffin ambulan daga hannun akawuna, ya san warin nan sanarwa ce cewa wani abu mai rai yana cin dukiyarsa.

Dukiya kuwa muka ce da gangan. An fara kan sarki a Ingila cikin 1840. Ikko ta sami nata a 1874, Nijeriya ta Arewa a 1900 da hoton Sarauniya Biktoriya, sa'an nan bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fito da mai sunan Nijeriya kaɗai. Jerin 1953 ya nuna mahaya dawakin Barno, da gyaɗa, da haƙar kuza, da gadar Jebba. A 1973 kuma, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, sai sabon jeri ya fito, har da su na Argungu a ciki. Yau da wasiƙa ta ja baya, ba a ƙara samun waɗannan cikin kwandon shara na ofis kamar dā. Wanda ya lalace, ya tafi ke nan.

Abin da ke kawo warin fumfuna ce. Ƙwayoyinta suna yawo cikin iska ko da yaushe, ido ba ya ganinsu, kuma ba ɗakin da ya kuɓuta daga gare su. Abu uku suke jira: laima, da ɗumi, da iskar da ba ta motsi. Da zarar laimar iska ta wuce kamar kashi 65 zuwa 70 cikin 100 ta kuma daɗe a haka, sai su tsiro. Abincinsu kuwa yana nan a shirye, gama takarda daga itace ko tsumma ake yinta, mannin da ke bayan tsofaffin kan sarki kuma ko dai ƙaro ne, irin wanda dakwara ke zubarwa a Barno da Yobe da Sudan, ko kuwa na sitaci. Warin da muke ji tururin da fumfunar ke fitarwa ne yayin da take ci, takarda kuma ta shanye shi ta riƙe. Shi ya sa ko bayan fumfunar ta bushe warin yake wanzuwa. A cikin Agusta, adakar ƙarfe da aka rufe aka tura ƙarƙashin gado a kan daɓen siminti ta haɗa sharuɗɗan nan uku cif.

To, yaya za a yi? Da fari a raba mai cuta da mai lafiya. A fitar da kundin daga cikin sauran littattafai, a kai shi baranda ko wani wuri mai iska da inuwa. A rufe hanci da baki, mai asma kuwa ya bar wa wani aikin, domin ƙurar fumfuna tana ta da ciwon ƙirji. A duba shafi ɗaya ɗaya. In an ga wani fari-fari ko kore-kore mai laushi kamar auduga, wanda ke shafewa idan an taɓa, to tana da rai, kada a goge, gugar za ta cusa ta cikin takarda ne. A tsai da kundin a buɗe, shafuka a warwatse, iska ta ratsa su kwana biyu ko uku, har abin ya zama gari. Sa'an nan a sa burushi mai laushi, irin na masu zane, a share a hankali zuwa bakin shafi. Kan sarkin da hantsaki mai faɗin baki ake ɗaukarsa, ba da yatsa ba, don gumi da maiƙon hannu su ma abinci ne.

Inuwa muka ce, kuma muna nanatawa. Al'adarmu ita ce duk abin da ya yi laima a shanya shi a rana, tabarma ce ko hatsi. Rana tana busar da fumfuna, gaskiya ne, amma tana cin launi, launin da ya koɗe kuwa ba ya dawowa.

Bayan an bushe an share, sai a fuskanci warin kansa. A nemi akwati mai murfi, a zuba gawayi busasshe mai tsabta a cikin wani kwano, a sa a ƙasa. Gawayin da aka sarrafa musamman don tace ruwa ya fi na murhu ƙarfi nesa, amma na murhun ma yana taimakawa. Hodar soda ta masu yin burodi ita ma tana shan wari. A ɗora shafukan a kan wani abin da zai ɗaga su sama, yadda ba za su taɓa gawayin ko hodar ba, a rufe. Bayan mako guda a buɗe a sunsuna, a sake gawayin, a mayar. Wani kundin mako biyu ya ishe shi, wani sai ya kai wata biyu. Waɗansu kan sa farar takarda mai shan ruwa tsakanin shafuka suna canzawa, wannan ma daidai ne. Jarida ce dai ba mu yarda da ita ba, tawadarta tana kama abu.

Ra'ayinmu dai, idan shafukan kundin sun yi wari ƙwarai, musamman bangon da ke da kwali da manni mai kauri, wahalar ba ta biya. A kwashe rubutun da ke kansu, a ciro kan sarkin, a sayi sabon kundi, a yar da tsohon. Amma in rubutun hannun mahaifi ne ko kaka a shafin, sai a ware shi dabam a ba shi lokacinsa a akwatin gawayi.

Akwai maganar ruwa, a nan kuwa aka fi yin ɓarna. Kan sarkin da aka riga aka buga wa hatimi, na zamanin baya-bayan nan, ana iya jiƙa shi cikin ruwan sanyi mai tsabta na 'yan mintoci, ragowar manni da datti su fita, a busar tsakanin takardu masu shan ruwa, a danne da littafi. Yawancin warin yakan tafi tare da mannin. Amma sabon da ba a yi aiki da shi ba, darajarsa tana cikin manninsa, in an wanke an rage masa kuɗi ƙwarai. Na zamanin Turawa kuma sai an yi hattara. Kamfanin De La Rue na Landan, wanda ya buga na Nijeriya ta Arewa, da gangan ya yi amfani da tawada mai narkewa, musamman kore da shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, don kada wani ya wanke hatimi ya sake manna kan sarkin. Wanda ya tsoma irin wannan a ruwa sai ya ga fuskar sarki ta dushe a gabansa. Ruwan bilic kuwa ko kusa, yana ruɓar da takarda. Ɗige-ɗigen nan masu kalar tsatsa da fumfuna kan bari, gara a haƙura da su.

Turare da kafur, mun san wasu na sa su. Turare ba ya kawar da wari, lulluɓe shi yake yi, hayaƙinsa kuma yana barin maiƙo. Kafur yana korar asu da kyankyaso, amma sai an yi wata da watanni ana neman raba takarda da nasa warin. Sanyin injin ƙanƙara yana tsai da fumfuna, ba ya kashe ƙwayoyinta, kuma idan an fito da kundin raɓa tana sauka a kansa, sabbin kan sarki su manne da shafi.

Mu a Arewa Allah ya ba mu abin da mutanen Ikko da Fatakwal ba su da shi, watau hunturu mai tsanani. Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a wurare kamar Kano, fumfuna ba ta iya motsi. Lokacin shan iskar kundi ke nan. Sai dai a yi shi cikin ɗaki saboda ƙura, kuma kada a wuce kwana ɗaya ko biyu, gama bushewa mai tsanani tana sa mai manni ya nannaɗe, mannin ya tsattsage.

Kafin damina ta dawo, a sauya wa kundin mazauni. A tsaye ake ajiye shi kamar littafi a kan kanta, ba a kwance wani bisa wani ba, don nauyi da laima su ke haɗuwa su manne kan sarki. A nisanta shi da ƙasa da bangon da ruwa ke bugu. Kundin hotuna mai shafi mai danƙo, da leda mai laushi mai warin roba, ba wurin kan sarki ba ne. Ƙananan ƙunshin ƙwayoyin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani suna shan laima. A tara su, a sa cikin akwatin, in sun ƙoshi a ɗumama su a tanda da wuta kaɗan, su koma aiki. Wanda zai tafi dogon hutu cikin damina, kada ya bar kundinsa a ɗakin kwanan ɗalibai a kulle, ya tafi da shi gida, ya riƙa buɗe shi yana juya shafukan ko sau ɗaya ne a mako biyu har ruwa ya ɗauke.

Shugaba, nan za mu tsaya. Mun zo da kundi biyu da akwatin gawayi, suna kan teburin baya ga mai son dubawa.